Lambar Yaya da Lambar Auta

Duk wanda ya taɓa bi ta layin da ke bayan tashar motoci ya san shagon Mai Labule ko da bai shiga ba, domin muryarta takan fito ta tare mutum tun daga bakin kwalbati. Shago ne mai ƙofa biyu, an matse shi tsakanin mai walda da mai gyaran waya. A ciki akwai kekunan ɗinki uku, ɗaya ya daɗe da mutuwa amma ta hana a fitar da shi, sai dogon teburin yanka da almakashi ya gama yi wa tabo, sai bandur-bandur na yadi jingine da bango, da wani tsohon gwangwanin madara cike da zobban labule. Tef ɗin awo kuwa a wuyanta yake wuni. Mijinta, wanda har yau ake kira Direba ko da yake ciwon gwiwa ya sa ya ajiye mota, yakan ce shi bai san kalar wuyan matarsa ba.

Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya da saurin fushi da saurin hucewa. Shekarunta hamsin da bakwai, kuma ba ta ɓoye su, don a wurinta lamba ba abin kunya ba ce, abin dogaro ce. Da farkon sana'arta, lokacin da take ɗinka rigunan filo da keken aro, wata mata ta zo ta buɗe hannuwa ta ce tagar ɗakinta "kamar haka" take. Mai Labule ta yanka yadi a kan "kamar haka", labule ya fito ya tsaya a tsakiyar taga kamar wandon da yaro ya girme. Tun daga ranar ba ta sake yarda da bakin mutum ba. In ka ce mata ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ta ce, "Idonka dai. Ni miƙo mini tef." Babba babba ne, ƙarami ƙarami ne, magana ta ƙare. Da wannan ta gina shago, ta aurar da 'ya'ya, ta rataya labule a rabin tagogin unguwar.

Amma in kana son ka san ta da gaske, sai ka tambayi wace ce Auta.

Auta ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, da ratar shekara goma sha takwas a tsakaninsu. Mahaifiyarsu ta rasu Auta tana aji uku na firamare. Cikin uwar ne ya fara tasowa, aka yi ta zolayarta wai ta samu hutu ta yi ƙiba. Daga baya abinci ya ƙi shiga. Kafin a kai ta asibiti, ciwon daji ya gama cin gidan ƙwanta, wato inda ƙwan haihuwa ke fitowa a cikin mace, ya bazu ko'ina. Likitoci suka ce da ma an zo da wuri. Har yau Mai Labule ba ta da maganar da ta tsana kamar wannan. Da masu zaman makoki suka watse, ta ƙulle kayan Auta a zani, ta kama hannunta, ta kawo ta gidan aurenta ba tare da ta shawarci kowa ba. Direba ya dubi yarinyar, ya dubi ƙullin, ya ce, "To, mun samu 'yar fari."

Auta matsoraciya ce tun tana ƙarama. Tana tsoron duhu, tana tsoron kare, allura kuwa ba a magana. Maganin da Yaya ta samo shi ne ta riƙa shiga gaba. In maganin tari ne mai ɗaci, ita za ta fara kurɓa, ta lashe baki ta ce zuma ce. In cire haƙori ne, ita za ta fara hawa kujera a duba nata. Ranar da Auta ta zauna jarrabawar zama malamar makaranta, Yaya tana maƙale a taga sai da mai gadi ya kore ta. Ranar da Auta za ta yi haihuwar fari kuwa, Direba ya rantse saura ƙiris matarsa ta hau gadon ta yi naƙudar da kanta. Auta ta girma, ta yi aure, ta haifi uku, ta kai shekara talatin da tara, amma a idon Yaya har gobe yarinyar nan ce 'yar aji uku.

To, wata rana Auta ta taso daga makaranta ta biyo shago tana taya ta zura zobba, domin wani sabon otal da ke bakin babban titi ya ba Mai Labule ɗinkin labulen ɗakunansa kaf, aikin da ba ta taɓa samun irinsa ba. Tana cikin zurawa sai ta dafe mara ta cije leɓe.

"Mene ne?" in ji Mai Labule, ƙafarta ta tsaya cak a kan keke.

"Ba komai, Yaya. Marata ce. Watannin nan in al'ada ta zo sai ta zo da ciwo, jinin kuma ya yi yawa."

"Watanni nawa?"

"Kamar huɗu."

"Kamar! Ku ji mini yarinya, wai kamar! Tashi, ɗauki jakarki."

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ga abin da bai taɓa gani ba, Mai Labule tana datse kwaɗo rana tsaka. Ya tambaya ko lafiya, ta ce ya ci gaba da ƙona ƙarfensa.

Likitar da suka samu a asibiti mace ce siririya mai tabarau, mai magana a hankali, irin mutanen da Mai Labule ke ganin ruwan sanyi ne ke gudu a jijiyarsu. Ta saurari Auta, ta danna mata ciki. Da ta ji labarin mahaifiyarsu sai ta ce za a ɗebi jini a yi wani gwaji da ake kira CA-125, wanda ke auna wani abu da kan ƙaru a jini idan gidan ƙwai ya samu matsala, sannan mako mai zuwa a ɗauki hoton ciki. Auta tana jin an ce jini ta fara zufa. A bakin ɗakin gwaji ta ga allura a hannun nas, ta ja da baya tana cewa ko a bari sai gobe.

Mai Labule ta juya fuu ta koma ofishin likita, ba sallama.

"Likita, ni ma rubuta mini. In ta ga an soka mini za ta tsaya."

"Hajiya, ba a yin gwajin nan haka kawai. Kina da wani ciwo ne?"

"Ni? Garau nake. In ban da siket ɗina da suka fara matse ni, kuma kwanan nan cokali uku na ƙoshi. Wannan kuwa maigidana ya ce rahama ce ta sauko masa."

Likita ta ɗago kai ta dube ta ta saman tabarau, ta ɗan jima, sannan ta jawo takarda ta rubuta. Mai Labule ta fito tana taƙama ta yi wa likita wayo. Ta zauna ta naɗe hannun riga, ta miƙa wa nas, tana kallon Auta tana dariya. "Kin gani? Ko cizon sauro bai kai ba." Auta ta rufe ido aka ɗebi nata.

Da sakamako ya fito, Mai Labule ce ta je karɓa ita kaɗai. Ta tsaya a barandar asibiti ta buɗe takardun biyu. Turancin bai dame ta ba, lamba take nema. Ta ga an rubuta cewa daidai shi ne ƙasa da talatin da biyar. Ta duba tata, arba'in da shida. Ta taɓe baki. Ai wannan labule ne ya zarce da yatsa biyu, kalmasa kawai yake so. Ta duba ta Auta.

Casa'in da biyu.

Ta sake karantawa, lambar ba ta canza ba. Ta koma tagar mai gwaji ta tura masa takardar a fuska, ya ce shi aikinsa aunawa ne, bayani sai likita ranar da aka ba su. Ta ce masa Allah ya sawwaƙe masa. Ba ta buƙatar bayaninsa. Casa'in da biyu ninkin arba'in da shida ne cur, kuma ita ta san abin da ya ɗauke uwarsu. Ta zaga bayan ɗakin shan magani, inda ake ajiye tsofaffin gadaje, ta yi kukanta mai isarta. Sannan ta fyace hanci, ta gyara ɗankwali, ta ce a fili, "Wallahi wannan karon ba wanda zai ce mini da an zo da wuri."

Daga nan kuma sai yaƙi. Wanda bai ga Mai Labule a makon nan ba bai ga komai ba. Kafin magariba ta ɗauko Auta da 'ya'yanta uku da katifunsu ta dawo da su gidanta, tun da mijin Auta yana aiki a wani gari. Ta kira shi a waya ta gaya masa abin da ta yanke, ba ta tambaye shi ba. Washegari ta dira ofishin shugaban makaranta ta sanar da shi malamar aji biyar ta tafi hutu, ya fara maganar ƙa'ida, ta ce ya rubuta ƙa'idar ya aiko mata shago. Ta kira manajan otal ta ce labulensa sai ya jira.

"Hajiya, muna da ranar buɗewa fa!"

"Ku buɗe. Baƙinku su sha iska."

Ɓoye magana ba ya cikin halinta, don haka a daren farko ta gaya wa Auta lambar. Auta ta dubi 'ya'yanta suna wasa a tsakar ɗaki, ta ce, "Ke fa, Yaya?"

"Ni arba'in da shida. Ƙaramin alhaki. Ke dai ki kwanta."

Ta hana ta wanki, ta hana ta shara, ta hana ta ko ɗaga buta. Ta cire labulen ɗakin baƙi mai ruwan ƙasa, ta zauna ta ɗinka wani ruwan ɗorawa mai furanni, wai mara lafiya ba ya kallon duhu. Ta cika firji da 'ya'yan itatuwa har ƙofar ta ƙi rufuwa. Duk wanda ya shigo gidan sai ya kawo nasa magani, wannan ya ce a daina sukari, wancan ya ce wani ganye ne ya warkar da surukar maƙwabcinsa. Mai Labule takan saurara, ta raka mutum har ƙofa, ta ce asibiti za su, ta rufe ƙofar. Tana girki tana waya, tana waya tana faɗa da yara, tana faɗa tana lissafin likitocin da za a gani in wannan ta gaza. Tsoro ne fal a cikinta, amma irin tsoron da ke sa mutum gudu ne, ba mai sa shi zama ba. Gidan ya koma kamar tasha.

Direba ne kaɗai ya lura farantinta yana komawa kicin yadda ya fito.

"Ke wai ba za ki ci ba ne?"

"Na ƙoshi."

"Da me? Kullum na ƙoshi, na ƙoshi, ga ciki kuma yana gaba. Ni fa da wasa na ce rahama ce."

"Malam, ka bar ni in ji da mai casa'in da biyu. Ni lambata tana hannuna."

Ya girgiza kai ya ce wanzami dai ba ya son jarfa. Ta ce in ya gama karin maganarsa ya je ya sayo gas.

Ranar komawa asibiti tun da safe ta sa Auta a gaba, jaka ɗauke da bargo da filas da kayan kwana, don ta gama yanke wa kanta cewa za a ba su gado. Suna shiga ta shimfiɗa takardar Auta a teburin likita ta danne da yatsa.

"Ga shi nan. Ba sai kin yi mana kwana-kwana ba, Likita. Mun gani, mun shirya. Ki faɗi abin da za a yi."

Likita ta duba, ba ta ko motsa gira ba. Ta juya wurin Auta. "Malama, ranar da aka ɗebi jinin nan kina al'ada?"

"E. Ranar ma ta fi zuba."

"Madalla." Ta miƙa hannu. "Hajiya, ina taki?"

"Tawa ba komai a ciki." Ta lalubo ta daga ƙasan jaka, duk ta yamutse. Likita ta warware ta, ta karanta, ta ajiye biro.

"Yaushe al'adarki ta ɗauke?"

"Ni? Ai an daɗe. Shekara takwas ke nan na huta."

"Tun daga nan ba ki sake ganin komai ba?"

"Ko ɗigo."

Likita ta tashi ta ce su biyo ta ɗakin hoto, duka su biyun. Mai Labule ta tura Auta gaba, likita ta ce, "A'a, Hajiya, ke za ki fara." Wannan ya yi mata daɗi. Ashe 'yar sanyin nan ta fahimci tsarin gidansu. Ta hau gado tana yi wa Auta bayanin cewa man da ake shafawa sanyi kawai gare shi. Ba ta lura an daɗe ana yawo da na'urar a gefen cikinta na hagu ba, ba ta kuma lura likita da mai ɗaukar hoton sun yi magana ƙasa-ƙasa ba. Hankalinta yana kan Auta, wadda nata hoton bai ɗauki lokaci ba.

Da suka dawo ofis likita ta ja kujera ta zauna kusa da su, ba a bayan tebur ba.

"Bari in fara da Malama. Gidan ƙwanta duka biyu lafiya lau. Abin da ke sa ta ciwo da zubar jini ɗan ƙari ne a jikin mahaifa, irin wanda mata da yawa ke da shi, ba daji ba ne. Akwai magani. In ta yi tsarki za mu sake gwajin don mu tabbatar, amma ban damu da ita ba."

Mai Labule ta buɗe baki. "Casa'in da biyun fa?"

"Hajiya, lambar nan ba ita kaɗai ake karantawa ba, sai an haɗa da shekarun mace da halin da jikinta ke ciki. Macen da ke al'ada, sinadaran jikinta kullum suna hawa suna sauka. Jinin wata yana ɗaga lambar, ƙari yana ɗaga ta, ko ciki ne da ita sai ta tashi. Ga Malama an haɗa biyu a rana ɗaya. Amma macen da ta daɗe da dainawa, komai ya lafa, lambarta ƙasa sosai ya kamata ta sauka. In aka ga ta haura, ko da kaɗan ne, ga kumburin ciki, ga saurin ƙoshi, ga abin da ya sami mahaifiya, to ita ake bi."

Mai Labule ta yi ta motsa leɓe tana lissafi. Can ta ce, "Wato awon da ya yi wa ƙofar shago daidai, in ka kai shi tagar banɗaki sai ya share ƙasa."

"Kusan haka."

"To, Auta dai ba ta da shi?"

"Ba ta da shi. Amma ke, Hajiya, akwai wani ƙulli a gidan ƙwanki na hagu, bai kai lemon tsami ba, kuma yanayinsa bai kwanta mini ba. Ba zan ce miki daji ne ba sai an cire an duba. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa, ban ga alamar ya taɓa wani wuri ba. Tiyata za a yi, kuma ba na son a ja lokaci."

Auta ta ɗora hannu biyu a ka. Ita kuwa Mai Labule ta miƙe tsaye, ta kama kafaɗun likita.

"Sake faɗa mini. Auta ba ta da shi?"

"Hajiya, kin ji abin da na ce a kanki kuwa?"

"Na ji, na ji. Auta nake tambaya."

"Ba ta da shi."

"Allahu Akbar! Alhamdu lillahi! Kai, Likita, Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki miji na gari, in kina da shi Allah ya ƙara masa hankali!"

Ta rungume likita har tabarau ya karkace. Ta fito baranda baki har kunne, ta tare wata nas ta gaya mata, ta gaya wa mai shara, ta gaya wa wani tsoho da ke jiran a kira shi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba amma ya ce barka. Bargon da ta ɗauko ta ba wata mata mai jinyar yaro. Daɗi kamar ya kashe ta. Ta kira Direba tana tafe tana ihu a waya. "Ba ita ba ce! Ka ji? Yarinyarka lafiya lau, ƙari ne kawai! Ni? Wani ɗan abu ne, in na dawo ma yi magana. Ka gaya wa yara!" Da likita ta biyo ta tana cewa a tsaida ranar tiyata, ta ɗaga mata hannu ta ce za ta dawo, akwai mutanen otal da ta bari a rana, in ta sauke musu kayansu nan da wata ɗaya ko biyu sai a yanka ta a tsanake.

Sun kai harabar asibiti, wajen da masu jinya ke shanya kaya a jikin waya, sannan ta lura Auta ba ta gefenta. Ta waiga. Auta tana tsaye a rana, jakar kayan kwana a ƙasa, hawaye yana zuba amma fuskar ba ta kuka ba ce. Mai Labule ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba.

"Ke kuma fa? Ana murna kina kuka? Taho mu samu mota."

"Ba inda za ni."

"Auta!"

"Kar ki Auta ni, Yaya. Da aka ce ni ce, kin rufe shago, kin kori otal, kin tayar da gari. Yanzu an ce ke ce, sai labule ya fi ki?"

"Haba, ɗan ƙulli ne fa. Ba ki ji ba? Bai kai lemon tsami ba."

"Na Inna ma da haka ya fara! Ko ce miki aka yi da girmansa ya faɗo daga sama?" Muryarta ta tashi har masu shanya suka juyo. Auta, wadda ko ɗalibanta ba ta iya yi wa tsawa. "Kin san abin da nake yi a ɗakin nan da kika kwantar da ni? Kullum in na yi salla sai in gode wa Allah da ya sa ni ce, ba ke ba. Na ce in na tafi, yarana suna da ke. Na gama shiryawa, wallahi hankalina a kwance. Yau an juya, ke kuma kina rawa a baranda. Ni wa aka bar mini?"

Auta ta ci gaba.

"Kina ta cewa na tsira, na tsira. Wa ya ce miki na tsira? Na rasa uwa sau ɗaya ina 'yar aji uku, ban ma san me ake ciki ba. Yanzu na sani. Ba zan iya sau biyu ba, Yaya. Wallahi ba zan iya ba."

Wata mota ta wuce tana neman fasinja, ba wanda ya kula ta. Mai Labule ta tsaya tana kallon ƙanwarta, mace mai 'ya'ya uku, da furfura biyu-uku a gaban goshi da ba ta taɓa lura da su ba. Shekara talatin tana tsaye tsakanin yarinyar nan da duk abin da zai taɓa ta, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ita kanta tana cikin abin da za a iya ƙwace wa Auta. Sai yanzu maganar likita ta iso ta. Ta kai hannu gefen cikinta na hagu, ta ji tsoro ya taso mata tun daga tafin ƙafa, nata na kanta, har sai da ta dafa ƙarfen shanya.

Auta ta sunkuya ta ɗauki jakar, ta juya ta nufi cikin asibiti. Mai Labule ta bi bayanta.

Likita tana shirin kiran wani mara lafiya suka turo ƙofa. Ta dube su, ta jawo littafin tiyata ta buɗe.

"Akwai wuri ranar Talata," ta ce. "In kin yarda, Hajiya, gobe ki zo a fara sauran gwaje-gwaje."

Mai Labule ta ƙirga kwanakin da yatsa. Talata kusa ce ƙwarai. Ta dubi Auta, Auta ta tsare ta da jajayen idanu.

"Rubuta, Likita," in ji Mai Labule. "Auta ta ce in zo."